Maganin gargajiyar Sin da ciwon PCOS

Kusan mace ɗaya cikin goma da ke shekarun haihuwa na fama da PCOS: jinin al'ada ya riƙa jinkiri, gashi ya fito a haɓa, ƙiba ta ƙaru, ciki ya ƙi samuwa. Sinadaran jiki ne ke hargitsewa, har ƙwai ya daina fita kan lokaci.

Masu maganin gargajiya a Sin suna danganta shi da raunin ƙoda da taruwar majina, suna magance shi da tsira siraran allurai a fata da jiƙon saiwoyi. Likitocin ƙasar da kansu suka gwada hanyar. A binciken da aka wallafa a 2017 kan mata 1,000, alluran ba su ƙara yawan haihuwa ba, ƙwayar clomiphene ce ta ƙara. Sinadarin berberine, daga saiwar huanglian mai ɗaci, yana taimakawa wajen daidaita sukari, amma ƙwayar letrozole ta fi shi samar da ciki.

Abin da ya fi tabbata ba ya cin kuɗi: ga mai ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi kan dawo da al'ada. Mai shan jiƙo kuwa ta sanar da likitarta, domin wasu saiwoyin na lalata ƙoda.