Ƙullutun da Ƙurajen Fuska Ke Bari, da Dalilin Nisanta Shi da Aska

Duk wanda ya saba ratsa kasuwar Jega, ko ya zauna cikin ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, ko ya bi hanyar Maiyama yana duban fuskokin samari da 'yan mata, ba zai rasa ganin wani da ƙullutu mai tauri a muƙamuƙi ko a ƙeya ba, alhali wanda ke ƙirji da kafaɗa riga ta rufa masa asiri. Da yawa daga masu wannan lalura ƙurajen balaga suka yi, irin manyan nan masu zurfi da zogi, waɗanda bayan sun lafa suka bar abin da ya ƙi tafiya. Kuma abin da ke damuna shi ne yadda jama'a ke ɗaukarsa tamkar maruru, su nufi wanzami domin a yi masa sakiya.

Asalin al'amarin kuwa, kowane gashi yana da rami a cikin fata wanda maiƙo ke fitowa ta cikinsa, to idan bakin ramin ya toshe, maiƙo ya taru, ƙwayoyin cuta suka hayayyafa, sai bangonsa ya fashe ta ciki, jiki ya ɗauki wurin a matsayin rauni ya shiga gyara da wani zare mai ƙarfi da likitoci ke kira kolajin. Mutanen Aliero, waɗanda Allah ya hore wa sana'ar ɗori har ake zuwa musu daga nesa, sun fi kowa sanin cewa ƙashin da ya karye yakan yi gaɓa mai kauri a inda ya haɗu, sa'an nan ta riƙa raguwa sannu a hankali. Haka fata take: wani tabon yakan tashi ya tsaya iyakar ƙurjin, ya kwanta da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu. Amma akwai wanda ba ya sanin an gama aiki, sai ya yi ta tsiro har ya ƙetare haddin raunin, yana ƙaiƙayi yana suka, shi ne kiloyid, wanda likitan Faransa Alibert ya siffanta a 1806, kuma ya fi yawa a baƙar fata, yana bin dangi.

A nan mas'alar take. Maruru mugunya ce a cikinsa, in an huda ta fita. Shi kuwa kiloyid nama ne zalla, ba abin da zai fito sai jini, kuma tun da rauni ne sababinsa, kowace tsaga sabon sababi ce. Hatta likitan fiɗa, in ya yanke kiloyid bai haɗa da wani magani ba, bincike ya nuna yakan dawo ga kusan rabin mutane ko fiye, sau da yawa ma ya fi na farko girma. Ina ga aska da ƙaho, ko kanwa da ruwan batir da wasu ke ɗigawa bisa jahilci? Ban faɗi haka domin tozarta wanzamai ba, masu sana'a ce ta gado mai mutunci, illa dai wannan ciwo ba na askarsu ba ne.

Maganin da ya tabbata a wurin masana shi ne allurar da ake kira tirayamsinolon, wadda ake yi a cikin ƙullutun kansa, a maimaita bayan mako 4 zuwa 6, har ya yi laushi ya kwanta, ƙaiƙayin ma ya ɗauke. Tana da zafi, tana bukatar haƙurin watanni, kuma in ta yi yawa ko ta kauce takan sirantar da fata ta bar farin tabo, saboda haka ba aikin mai kemis ba ne. A nemi likita a babban asibiti, in ta kama a dangana da Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ana taimaka wa allurar da filastar silikon, a manna aƙalla awa 12 kullum. Yanka kuwa sai ya zama dole, a biyo shi da allura ko gashin na'ura.

Sai dai wajibi ne a fara tantance abin da ke hannu, domin wani ƙullutun ƙurji ne da bai mutu ba, wani kuma jaka ce mai ɗauke da maiƙo wadda ake cirewa ɗungurungum, kuma muddin sababbin ƙuraje na fitowa, sababbin tabbai na tafe. Ga ƙuraje masu tsanani akwai isotiretinoyin, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1982, mai busar da maiƙon daga tushe. Amma yana nakasa ɗan tayi ƙwarai, har ba ya halatta ga mai ciki ko amaryar da ke sa ran ɗauka.

Tun da Malam Abdullahi na Gwandu ya haɗa maslahar addini da ta jiki a littafi guda, Masalihul Insani, ba na ganin aibi ne malamanmu su ja kunnen matasa a kan abu biyu: matse ƙurji da farce, da shafa man bilicin, wanda sau da yawa yake ɗauke da sinadarin da shi kansa yake haifar da ƙuraje. Wanda kuma ƙeyarsa ta fara fitar da ƙananan ƙullutai masu tauri, ya daina askin ƙwal-kwabo da reza, ya ce wa mai aski ya riƙa barin gashi kaɗan a wurin.