Sayar da gida a Birtaniya: Yadda ake dawo da kuɗin Najeriya

'Yan Najeriya da dama da suka shafe shekaru suna aiki a Birtaniya kan sayar da gidajensu na can idan sun koma gida. Sai dai ba dukkan abin da mai saye ya biya ne ke isowa Kano ko Kaduna ba, domin sai kuɗin sun bi ta kan haraji da dokokin iyaka da kuma farashin canji.

Haraji

Tun daga watan Afrilun 2015, ko wanda ba ya zaune a Birtaniya yana biyan haraji idan ya sayar da gidan zama a ƙasar. Ana ɗora harajin ne a kan ribar da aka samu kawai, kashi 18 ko 24 cikin 100, gwargwadon ƙarfin samun mutum. Akwai kuma sassauci na shekarun da mai gidan ya zauna a cikinsa.

Wajibi ne wanda ke zaune a waje ya sanar da hukumar haraji ta HMRC cikin kwanaki 60 da kammala ciniki, ko da babu abin da zai biya. Jinkiri na jawo tara.

A Najeriya kuma, dokar harajin da ta fara aiki a Janairun 2026 ta shafi abin da mazaunin ƙasar ya samu a ko'ina a duniya. Amma yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a 1987 ta tanadi a yi la'akari da harajin da aka riga aka biya a Birtaniya, don haka takardar shaidar biyan na da muhimmanci.

Hanyar shigo da kuɗi

Duk mai fita daga Ingila da tsabar kuɗi fam 10,000 ko fiye, dole ne ya bayyana su. Haka ma mai shigowa Najeriya da abin da ya haura dala 10,000 sai ya shaida wa jami'an kwastan, in ba haka ba dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta ba da damar ƙwace su.

Turawa ta banki zuwa asusun ajiyar kuɗin waje ta fi aminci, ko da yake bankin kan nemi takardun ciniki daga lauya kafin ya saki kuɗin.

Canji

A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta yanke farashin naira. Dalar da ake canzawa kusan naira 460 a hukumance ta haura naira 1,500 a 2024. Wanda ya canzar da kuɗin gidansa gaba ɗaya kafin matakin ya tafka asara, yayin da wanda ya bar su a fam yana canzawa gwargwadon buƙata ya tsira da darajar dukiyarsa.

Miƙa kuɗin ga wani a London domin a karɓi naira a Kano kan fi sauri, amma ba ya barin wata shaida da mutum zai nuna ranar da hukuma ta tambayi asalin dukiyarsa.