Garin masu shayar da ruwa da aka mayar fadar mulki

A tsakiyar Faransa, a bakin kogin Allier, akwai wani ƙaramin gari mai suna Vichy. A da, arzikinsa duka ruwa ne: maɓuɓɓugai masu ɗanɗanon kanwa, wasu da ɗumi wasu da sanyi, waɗanda likitoci suka ce suna gyara hanta da ciki. A shekarun 1930 'yan garin kusan dubu 25 ne, amma baƙin da ke saukar musu a shekara sun haura dubu 100.

A wancan zamani, shekarar mutumin Vichy kashi biyu ce, kamar ta manomi. Daga Mayu zuwa farkon Oktoba ba barci. Mai ɗaki ya ba da haya, mai ƙarfi ya shiga gidan wanka yana yi wa baƙi tausa ƙarƙashin feshin ruwa, saura su watsu cikin otal-otal, masu girki da masu wanki da masu dako. Aikin da aka fi sanin garin da shi na mata ne. Suna tsaye tun safe a bakin maɓuɓɓuga irin su Grande Grille da Célestins, majinyaci ya zo da kofinsa na gilashi mai zanen awo cikin ɗan kwando, su zuba masa daidai yadda likita ya rubuta. Mako uku ake yi ana shan nan. Da sanyi ya shigo sai a rufe tagogin otal, gari ya yi tsit, kowa ya ci abin da ya tara.

Cikin baƙin akwai ɗimbin Turawan mulkin mallaka, jami'ai da sojoji da 'yan mishan da zazzaɓin cizon sauro ya cinye a Afirka, Madagaska da Indochina. Har gida na musamman aka buɗe wa 'yan mishan a garin. Su dai suna da inda za su je wanke hanta. Talakawan da suka baro a can da wannan zazzaɓi ba wanda ya yanka musu tikitin jirgi.

A watan Yunin 1940 Jamus ta ci Faransa da yaƙi. Gwamnati ta bar Paris tana neman garin da zai ɗauki ministoci da ma'aikatansu nan take, sai ga Vichy da ɗakunan otal birjik da sabon ofishin tarho. Aka karɓe otal-otal, ɗakin kwana ya koma ofis, shugaban gwamnatin, Marshal Pétain, ya tare a Hôtel du Parc. Ranar 10 ga Yuli 'yan majalisa suka taru a ɗakin wasan da ake nishaɗantar da majinyata, 569 suka miƙa masa cikakken iko, 80 suka ƙi. Gwamnatin nan ce ta taya 'yan Nazi kama Yahudawa.

Abin ya iso har ƙofar Barno. Nijar ta zauna ƙarƙashin gwamnatin Vichy zuwa ƙarshen 1942, yayin da gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi Janar de Gaulle, mai adawa da wannan gwamnati, ranar 26 ga Agustan 1940. Matakinsa ne ya buɗe sararin da jiragen yaƙin Ingila suka riƙa bi daga Takoradi ta Legas, Kano da Maiduguri zuwa Khartoum da Masar.

Matan da ke zuba ruwa ba wanda ya nemi shawararsu, amma sunan garinsu ne ya zama lambar cin amana a littattafan tarihi, kuma wannan rashin adalci ne. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Vichy cikin wuraren tarihi na duniya saboda ruwansa.