KWASTOMA YA GUDU? KAFIN KA KARYA FARASHI, BINCIKI KANKA



Akwai ranar da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba: ranar da babban kwastomanka zai daina ɗaga waya. Dilan da ke kwasar ƙwanka duk mako, ko mai gashin kifi da ke zuwa daga cikin Kano, kawai sai ka ji ya koma wata gona. A nan yawancinmu ko mu ce an yi mana zagon ƙasa, ko mu karya farashi da gaggawa. To idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗauko littafin gonarka ka amsa tambayoyi huɗu, tsakaninka da Allah.

1. Nawa yake ɗauka a cikin kayana?
A ce kana fitar da kiret 20 a rana, mutum ɗaya yana kwashe 14. Ranar da ya tafi, ƙwai zai taru, kuma ƙwai ba ya jira, musamman da zafi. Kifin da ya isa sayarwa shi ma kullum sai ya ci. Ka yi ƙoƙari kada mutum ɗaya ya riƙe fiye da kashi ɗaya bisa uku na cinikinka.

2. Ina da kaya duk lokacin da ya nema?
Nan ne aka fi faɗuwa. Tarwaɗa tana ɗaukar wata 5 zuwa 6 kafin ta kai kilo ɗaya idan abinci ya wadata. Idan ka zuba kifinka gaba ɗaya lokaci guda, za ka sayar a mako biyu, sannan ka yi watanni babu komai. Mai gashi kuwa duk dare yake kunna wuta, dole ya nemi wani. Raba kandaminka, ka riƙa zubawa duk bayan wata biyu. Haka ma kajin nama, a shigo da su rukuni-rukuni.

3. Kayan sun canza?
Da bazara, wajen Maris da Afrilu, zafi yana rage wa kaji cin abinci, ƙwai ya ƙanƙance, ɓawonsa ya yi laushi. Ɗora shi a mota daga Doguwa, a ratsa dajin Falgore zuwa Kano, ka ga yawan fashewa. Su wa ke ɗaukar wannan asarar, kai ko dila? A ɓangaren kifi, kana ware manya da ƙanana? Kana daina ba su abinci kwana ɗaya kafin kamu, ko cikinsu cike ake aunawa? Sikelinka daidai yake?

4. Nawa kiret ko kilo ɗaya yake tsaya mini?
Abinci kaɗai yakan cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwo. Wanda bai san wannan lissafin ba, idan ya rage farashi zai iya sayarwa a kan faɗuwa bai sani ba. Mutanen Tudun Wada da Doguwa, masara a ƙofarku take. Wanda ya saya da kaka ya adana, shi ke da sararin yin ragi.

Bayan nan, je ka same shi da kanka. Ka ce: "Alhaji, ba ciniki na zo ba, so nake ka faɗa min inda na gaza." Ka saurara, ban da musu. Ka duba littafin bashi kuma, don wani ba kayanka ya guje wa ba, bashinka ne ya yi masa nauyi. Irin wannan a tsara masa biya kaɗan-kaɗan.

Sannan ka buɗe sababbin ƙofofi. A Kwanar Ɗangora ta Ƙiru, masu shayi da masu abinci suna buƙatar ƙwai kullum, kuma mai shayi goma sun fi dila ɗaya kwanciyar hankali. A Tiga ta Bebeji, masu sayen kifi sun saba zuwa saboda dam. Masunci abin da koma ta kamo shi zai kawo, kai kuwa za ka iya yin alkawarin girma ɗaya a rana tsayayya. Da wannan za ka yi talla. Wanda ya yi saura a yi banda.

Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

A cikin huɗun nan, wacce ta fi taɓa gonarka? Ku faɗa mana a ƙasa. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka.