Har Yanzu Karkara Na Jiran Layin Waya

A ƙauyuka da dama na ƙasar nan, mai son yin magana ta wayar salula sai ya nemi tudu ko ya taka zuwa bakin babban titi kafin ya samu sabis. Manomi bai san farashin hatsi a kasuwar birni ba sai abin da dillali ya faɗa masa, mai jiran kuɗi daga ɗansa da ke Legas kuwa sai ya biya kuɗin mota zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma. Wannan shi ne halin da miliyoyin 'yan Nijeriya ke ciki, fiye da shekaru 20 bayan shigowar wayar salula.

Kafin shekarar 2001, kamfanin NITEL da gwamnati ta kafa a 1985 shi ne ke riƙe da harkar tarho, kuma layukan da ke aiki a faɗin ƙasa ba su kai rabin miliyan ba, akasarinsu a manyan birane. An kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, a 1992, amma sai a watan Janairun 2001 ta yi gwanjon lasisin wayar salula kan dalar Amurka miliyan 285 kowane ɗaya. A watan Agustan shekarar kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki, Globacom ya biyo baya a 2003. Cikin 'yan shekaru layuka suka haura miliyan 100, sai dai kamfanonin sun bi inda jama'a suke da yawa da kuɗi ne.

Gwamnatin tarayya ta fara gwada gina wa karkara layuka da kanta. A zamanin mulkin Cif Olusegun Obasanjo aka ƙaddamar da Shirin Wayar Tarho ta Karkara da rancen dala miliyan 200 daga ƙasar Sin, da nufin kai layi ƙananan hukumomi 218 a zangon farko. An girka kayan aiki a wurare da yawa, amma aikin ya yi ta jan ƙafa, wayar salula ta 'yan kasuwa ta sha gabansa, yunƙurin miƙa shi ga kamfanoni masu zaman kansu kuma bai kai ga gaci ba. Kayan sun tsufa a inda aka ajiye su, bashin kuwa ya zauna a wuyan ƙasa.

Hanya ta biyu ita ce ta tallafi. Dokar Sadarwa ta 2003 ta tanadi wani asusu na musamman, USPF, wanda ake zuba wa wani kaso na kuɗin da kamfanoni ke biyan hukumar NCC duk shekara. Da wannan kuɗi ake rage wa kamfanoni nauyin kafa turakun sadarwa a inda riba ba za ta kai su ba, ana kuma samar da cibiyoyin kwamfuta a makarantu da garuruwa. Alƙaluman hukumar sun nuna cewa a 2013 akwai yankuna 207 da ba su da sabis, masu mutane kimanin miliyan 37. Zuwa 2022 yankunan sun ragu zuwa 97, amma mutanen da ke cikinsu sun kai kusan miliyan 27. Wato an rage yankuna da fiye da rabi, yawan waɗanda aka bari a baya kuwa bai ragu sosai ba.

Dalilin haka yana cikin lissafin kuɗi. Turken sadarwa a birni yana hidima ga dubban mutane masu yawan kira da amfani da intanet. Irinsa a ƙauye tsadar gininsa ɗaya ce ko ma ta fi, alhali masu amfani da shi kaɗan ne, cinikinsu kuma ƙarami. Galibin ƙauyuka ba su da wutar lantarki, don haka janareta ke aiki dare da rana, kuma sai an yi dakon man dizal ta hanyoyi marasa kyau. Ga kuɗin gadi, ga haraji iri-iri na jihohi da ƙananan hukumomi.

Haka batun yake wajen shimfiɗa wayoyin intanet na ƙarƙashin ƙasa. Manyan wayoyin da suka ratso teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, a gaɓar Legas suka sauka, kuma kai su cikin ƙasa na buƙatar izinin haƙa gefen hanya. A 2013 aka amince da naira 145 kan kowace mita, amma jihohi da yawa suka ci gaba da karɓar dubbai. Sai a 2020 jihar Ekiti ta rage nata daga naira 4,500 zuwa 145, jihar Kaduna kuma ta yafe kuɗin baki ɗaya.

Rashin tsaro ya ƙara wa lamarin nauyi. A 2012 'yan Boko Haram sun lalata turakun sadarwa a wasu jihohin Arewa. A watan Satumban 2021 an katse sabis a jihar Zamfara, daga baya aka haɗa da sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna, domin yaƙi da 'yan bindiga. 'Yan kasuwa da masu hada-hadar kuɗi ta waya sun tafka asara, abin da ya nuna yadda cinikin karkara ya riga ya jingina da waya. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya sake tabbatar da hakan, domin wanda ba shi da sabis ba shi da hanyar tura kuɗi ko karɓa.

Tsarin faɗaɗa intanet mai sauri na 2020 zuwa 2025 ya sa burin kai wa kashi 70 cikin 100, amma a 2025 adadin ya tsaya a wajen rabi. A 2024 gwamnati ta amince da shimfiɗa ƙarin wayoyi na tsawon kilomita 90,000, ta kuma sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta yarje wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da intanet, wanda ya sauƙaƙa wa kamfanoni amma ya ƙara wa talaka nauyi.

Darasin shekarun nan shi ne kafa turke bai isa ba, sai an tanadi abin da zai riƙe shi yana aiki. Wutar hasken rana a madadin dizal, haɗa kamfanoni a kan turke ɗaya, rage kuɗin haƙa a dukkan jihohi da tallafin da ya haɗa da kuɗin gudanarwa, su ne za su rage tsadar. Sannan akwai farashin wayar zamani da ilimin amfani da ita, waɗanda in ba a magance su ba sabis zai iso ƙauye ya tarar da masu iya saye kaɗan ne. Muddin kai sabis ƙauye asara ne ga mai kaiwa, sabon shirin zai tsaya a inda na baya suka tsaya.