Halawa da kwanciyar jini: laifin hannu ne ko laifin mai?

Daga birnin Maraɗi zuwa Tsibirin Gobir da Jiratawa, da wuya a kai amarya ɗakin miji ba a yi mata gyaran jiki ba. Bayan lalle da turaren wuta, dilka da halawa sun samu wurin zama. Halawa dai sukari ne da ruwa da lemun tsami, ake dafawa har su yi danƙo, a manna a fata, a fizge, gashi ya biyo. Sai dai sau da yawa kashegari akan wayi gari da tabo ja ko baƙi-baƙi a hamata ko cinya, mai zafi in an taɓa. Daga nan sai rigima ta tashi tsakanin dangin amarya da mai shago.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin fata ba asiri ba ne. Akwai ƙananan jijiyoyin jini da ba su kai kaurin gashi ba. Idan suka fashe, jinin ba ya samun hanyar fita, sai ya kwanta. Tabon yakan fara da ja, ya yi duhu, ya koma ɗorawa, ya ɓace cikin mako 2 ko kusa da haka.

Wani lokaci laifin na hannu ne. Mai gyara da ta san aikinta takan daddage fatar da hannu ɗaya, ta fizge da ɗayan a kwance, daf da jiki. Wadda ta ja sama, fatar take ɗagawa tare da gashin. Haka nan maimaita wuri ɗaya sau uku ko huɗu, ko ɗora halawa tun ba ta huce ba, ko barin gashi ya yi tsawo ba a rage shi ba: kimanin rabin santimita ya isa.

Amma akwai sanadin da ba a cika son ambata ba, watau mayukan ƙara hasken fata. Da yawa daga cikinsu na ɗauke da kortikoyid, kamar klobetazol da betametazon, magungunan da aka yi domin cutar fata, a shafa na ɗan lokaci bisa umurnin likita. Macen da ta yi watanni tana shafa su, fatarta takan yi sirara, jijiyoyin su rasa abin da ke tallafe su. Irin wannan fata ko gwanar gwanaye ce ta taɓa ta, jini zai kwanta, wani lokaci ma ta saluɓe. Illar ba ta tsaya nan ba, domin daɗewa ana shafawa na iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Ƙasar Kodebuwa ta hana irin waɗannan mayuka tun 2015, amma har yanzu ba su ɓace daga kasuwannin Afirka ta Yamma ba.

Asfirin da magungunan tsinka jini su ma suna sa jini saurin kwanciya.

Saboda haka ya kamata mai shago ta yi tambaya kafin ta ɗora hannu, wadda ta zo gyara kuma ta faɗi gaskiyar man da take shafawa da maganin da take sha. A yi halawa mako 2 kafin biki, ba jajibiri ba. In tabo ya fito, a ɗora ƙanƙara cikin tsumma a ranar farko, kada a murza. Idan kuwa tabo na fitowa haka kawai, ko ya haɗu da haɓo da jinin dasashi, to maganar ta wuce shago, sai asibiti.

Ɗan kasuwar da ke jera waɗannan mayuka a tebur, da maigidan da ke ba da kuɗin sayensu, su ma suna da hannu cikin lamarin. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.