Daga ƙanƙarar Antatika zuwa magudanan Challawa: malamin kimiyyar da bai taɓa auna komai ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a Hotoro, amma ban taɓa jin tambayar da ta ɗaure mini kai kamar wadda wata ɗaliba ta jefo mini a zangon da ya gabata ba. Ina tsakiyar bayani kan ɗumamar yanayi da narkewar ƙanƙara a ƙarshen kudancin duniya, sai ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, kai ka taɓa ganin ƙanƙarar nan?" Na ce ban da wadda muke saya a watan azumi, ban taɓa gani ba. Aji ya fashe da dariya. Ita kuwa ba ta yi dariya ba. Ta ƙara da cewa: "To Malam, cikin duk alkaluman da kake rubuta mana, wanne ne ka auna da hannunka?" Na duba allo, na rasa ko guda.

Wannan tambaya ce ta sa na koma karatu kan wasu takwarorina na Amurka. Tun daga shekarar 2007, wani shiri mai suna PolarTREC, wanda hukumar tallafa wa binciken kimiyya ta ƙasar ta ɗauki nauyinsa, ya riƙa zaɓen malaman makaranta yana haɗa su da ayarin masu bincike zuwa Antatika da Girinlan da Alaska. Malami zai bar ajinsa na 'yan makonni, ya kwana a tanti cikin sanyin da ke daskarar da ruwa kafin a kai shi baki, ya ɗauki kaya, ya haƙa rami a dusar ƙanƙara, ya rubuta awo a littafi kamar kowa. Daga can yake aiko wa ɗalibansa labarin abin da ya gani. Manufar shirin ita ce malamin ya dawo ya san yadda ake samo lambar da yake rubutawa a allo, da wahalar da ke cikinta, da irin kuskuren da ke iya shiga.

Abin da ake nema a can yana da ban mamaki. Dusar ƙanƙara tana zuba shekara bayan shekara, ta danne ta ƙasa har ta zama dutsen ƙanƙara, tana kulle 'yan ƙananan kumfan iska a cikinta. Idan aka huda aka zaro dogon sandan ƙanƙara, kowane kumfa iskar zamaninsa ce. A wurin da ake kira Dome C, masu bincike na ƙasashen Turai sun haƙa fiye da kilomita 3, suka karanta tarihin iska na shekara 800,000. A duk tsawon wannan lokaci iskar kabon ba ta wuce kimanin kashi 300 cikin miliyan ba. Yau ta haura 420.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan mai gona a Dawakin Kudu da wannan. Ruwansa babba ne. Daminarmu ta dogara da iskar da ke tasowa daga tekun Atlantika, kuma nisan da take yi zuwa arewa yana da alaƙa da zafi ko sanyin arewacin tekun. Masana sun nuna cewa a zamunan da, duk lokacin da tarin ƙanƙara ya kwararo cikin arewacin Atlantika ya sanyaya shi, damina takan ja baya zuwa kudu, yankin Sahel ya bushe. Ko farin da iyayenmu suka sha a 1972 zuwa 1973, da na 1983 zuwa 1984, bincike ya danganta wani ɓangare nasa da sauyin zafin teku. Narkewar ƙanƙarar Girinlan, ke nan, magana ce da ta shafi gero da dawa da farashin kwano a Dawanau.

Sai dai darasin da ya fi ratsa ni ya fito ne daga tashar Halley ta Birtaniya da ke Antatika. Tun cikin shekarun 1950 ma'aikatan wurin ke auna iskar ozon da ke kare mu daga zafin hasken rana, aiki mai gundura wanda ba ya kawo suna. A 1985 mutum uku, Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin, suka wallafa cewa ozon ɗin yana raguwa ƙwarai a kowane watan Oktoba. Bayan shekara biyu ƙasashen duniya suka sa hannu kan yarjejeniyar Montreal ta 1987 don daina amfani da sinadaran da ke cinye shi. Da ba a yi haƙurin rubuta awo na kusan shekara talatin ba, da babu abin da za a kwatanta da shi har a gane an yi rashi.

A nahiyar Afirka, ƙasar Afirka ta Kudu ce ke da tashar bincike a Antatika, kuma ba na ganin ranar da za a ɗauki malami daga Hotoro a kai shi can nan kusa. Amma da na zauna na yi nazari, sai na ga filin bincike yana bakin ƙofarmu. Bompai tana kusa da mu; Sharada da Challawa tafiyar ƙasa da awa guda ce. Ruwan da ke fita daga Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara har madatsar Wasai, na Sharada kuma yana bin Salanta zuwa kogin Challawa. Masanan jami'o'inmu sun daɗe suna rubutu kan sinadarin kuromiyom da majemun fata ke amfani da shi, da yadda ake samunsa a ruwan da masu lambu ke ban ruwa da shi. Ga kuma hazon hunturu, wanda mafi yawan ƙurarsa ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Ɗalibanmu suna shaƙar wannan ƙura, suna cin latas ɗin waɗannan lambuna, mu kuma muna koya musu gurɓatar muhalli daga littafin da misalansa na wata nahiya ne.

Da damina ta kama, ni da ɗalibaina muka haɗa ma'aunin ruwan sama da kwalba da mazurari da rula, muka kafa shi a tsakiyar fili nesa da bishiya. Kullum ƙarfe takwas na safe mutum biyu za su karanta su rubuta. A makon farko muka yi ɓarna: wani ya manta bai zubar da ruwan jiya ba, aka haɗa na kwana biyu. Yaran suka nemi mu ƙirƙiri lamba mu cike gurbin. Na hana, muka rubuta "an yi kuskure". A ranar suka koyi abin da na shekara goma ina kasa koyarwa, cewa amana ita ce jarin mai kimiyya. Da hutu ya zo, maigadin makaranta, dattijon da ke rubutu da ajami, shi ya riƙe mana littafin, kuma bai tsallake rana ko ɗaya ba.

Na san za a ce makarantar da ba ta da isassun kujeru ina ita ina bincike, kuma malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba zai ƙara wa kansa aiki ba. Gaskiya ne, ni ma ina cikin wannan hali. Amma ma'aunin da muka haɗa bai ci kuɗin buhun alli ba. Abin da ya fi ƙaranci shi ne hanyar da za ta haɗa malamin sakandare da mai bincike.

Don haka nake kira ga Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantun Kano, cewa duk ayarin da zai fita ɗebo ruwa a Challawa ko ƙasa a Jakara ya tafi da malamin sakandare guda, ya riƙe kwalba, ya bi samfurin har ɗakin gwaji. Hukumar NiMet, wadda ke da tasha a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, za ta iya horar da malamai kan karatun ma'auni, ta karɓi awon makarantu ta kwatanta da nata. Ma'aikatar Ilimi ta jiha da ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN su mayar da wannan wani ɓangare na horon da ake lissafawa wajen ƙarin girma. Masu masana'antu kuma su buɗe ƙofa ga ɗalibai su ga yadda ake tace ruwa kafin a sake shi. Wanda yake yin daidai ba shi da abin ɓoyewa.

Ɗalibar da ta yi mini tambayar ita ce yanzu ke riƙe da littafin awonmu, kuma ta fara koya wa 'yan aji ɗaya yadda ake karanta rula ido da ido da ruwa, don kada aikin ya mutu idan ta gama. Fatana shi ne bayan shekara talatin wani ya buɗe wannan littafi ya san yadda daminar Hotoro take a zamaninmu. Allah Ya ba mu haƙurin rubutawa, Ya kuma ba mu damina mai albarka.